Yadda muka shirya Gwaggo zuwa Hajjin 2024 da ciwon suga, bayan kujerar mai rakiyarta ta faɗi

Wacece ita, kuma me take fama da shi

Gwaggo yayar mahaifina ce, shekarunta 63 a lokacin, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune a wani gari arewa da birnin Kano, sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli tun kafin a haife ni. Ba zan faɗi sunanta ko na garin ba, ita dai ta yarda in rubuta, tace ko Allah zai sa wani ya amfana.

Shekara tara kenan da aka gano tana da suga. Ƙwaya iri biyu take sha, metformin da glibenclamide, kuma shan nata na ganin dama ne, in jiki yayi daɗi a ajiye, in ya motsa a ɗauko. Ga gwiwar dama da ta matsa mata har nafila a zaune take yi, ga tafin ƙafa da take cewa in tana tafiya ji take kamar auduga take takawa. Tafiyarta mafi nisa a rana daga ɗakinta ne zuwa wajen mai injin niƙa, bata kai minti biyar ba.

Tsarin da aka yi tun farko kujera biyu ce, ita da babban ɗanta da nake kira Yaya, mai harkar hatsi a Dawanau. Shi ne muharrami, shi zai ɗauki jaka, shi zai tuna mata magani, in ta gaji ya tura ta a keke, in jifa ta gagara yayi mata. Ni kuma aka bar min takardu da zirga-zirgar ofis.

Disamba 2023 zuwa Fabrairu 2024: kuɗi da takardu

Ta sayar da gonar da ta gada, Yaya ya haɗa nashi, aka biya kuɗin ajiya naira miliyan 4.5 kowace kujera. A farkon Fabrairu hukumar alhazai ta ƙasa ta sanar da kuɗin kujera, naira 4,699,000 ga yawancin jihohin arewa, aka cika.

Fasfo ne ya ɗan ja mu. Shekarar haihuwar da ke kan lambar NIN ɗinta daban, wadda ke tsohon katinta daban, rubutun sunan mahaifinta ma ba iri ɗaya ba, kuma yanzu ba a yin fasfo sai bayanan sun dace da na NIN. Sai da muka yi takardar rantsuwa a kotu aka gyara, ya ci mana wajen sati uku. A duk watannin nan babu wanda ya tada maganar asibiti, har ni. Hirar gida duk akan kuɗi ce da wa za a kawo wa dadduma wa za a kawo wa jallabiya.

24 ga Maris: ƙarin kuɗi

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris. Muna cikin sati na biyu, ranar 24 ga wata, sanarwa ta fito cewa duk wanda ya biya zai ƙara naira 1,918,032 saboda faɗuwar naira, an lissafa dala akan naira 1,474, kuma wa'adi 28 ga wata ne. Kwana huɗu kenan. Gwamnatin Kano ta ɗauke wa kowane maniyyacinta dubu 500, duk da haka saura miliyan 1.4 da ɗoriya kowace kujera, mu kuma biyu ne, wajen miliyan 2.8.

Jarin Yaya duk yana cikin buhuna a sito. An sayar da bijimai biyu, an ciyo bashi, abin da ya taru na kujera ɗaya ne da ɗan canji. Kuɗin da ya riga ya biya kuma ba ranar za a mayar masa ba balle a juya shi. Daren 27 ga wata bayan tarawih ya zauna gabanta yace, "Inna ke zaki tafi, ni in da rai akwai wata shekarar." Tayi ta kuka tana cewa ita ba zata iya ita kaɗai ba, wa zai riƙe ta. Ba mu kaɗai abin ya taɓa ba, kujera dubu 95 Saudiyya ta ba Najeriya, amma waɗanda suka tafi ta hannun jihohi a shekarar dubu hamsin da kaɗan ne.

Muharrami bai zama matsala ba, ƙanin Gwaggo, autansu Baffa, dama ya biya tashi kujerar. Sai dai Baffa shekarunsa 58, yana da hawan jini, ba mai tura keke bane. Saura kuma ƙasa da wata biyu a fara jigila.

Ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Afrilu: abubuwan da aka gwada suka ƙi

Na aro injin gwajin suga wajen wata nas maƙwabciyarmu don mu san inda muke. Na gwada ta kafin sahur, ya nuna 14 da ɗigo, alhali abin da ake so a irin wannan lokacin kar ya wuce bakwai da yawa. Da na matsa da tambaya sai ta fito da wata jarka daga ƙarƙashin gado. Ashe tun farkon Maris ta ajiye ƙwayoyinta, wasu mata sun gaya mata wai in aka gano mutum yana da suga wajen tantance lafiya za a cire sunansa, shi ne ta sayi jiƙon wani mai magani da yace sati biyu zai wanke mata sugan tas, don in an gwada a ga babu komai. Sati huɗu tana sha, fitsarin dare ya ƙaru, ƙishirwa ta ƙaru, tana ɗauka azumi ne.

Muka zubar da jiƙon ta koma kan ƙwaya. Amma ta koma da nata lissafin, tana shan glibenclamide biyu da sahur don ta rama kwanakin da ta bari, ni ban sani ba. Ni kuma a nawa ɓangaren na ƙudurta cewa tunda Yaya ba zai je ba dole ƙafarta ta saba da tafiya, sai na fara fita da ita bayan la'asar, minti arba'in, tana azumi, a zafin Afrilu na Kano. Rana ta farko ta daure, ta biyu ta daure, rana ta uku muna dawowa ta fara rawar jiki, gumi ya jiƙa mata hijabi, maganarta ta sarƙe, ta sulale a bakin wani shago. Allah yasa nas ɗin tana gida, ta gwada ya nuna 3.1, ta dama sukari a ruwa ta ɗura mata tana cewa, "Gwaggo ki sha, wannan ba wajen riƙe azumi bane." Minti goma sha biyar ta dawo hayyacinta. Wannan fitar ni na tsara ta, kuma ban tambayi kowa ba.

Washegari muka je asibiti, zan zo kan wannan. Amma akwai na uku. Da ƙaramar salla, 10 ga Afrilu, Yaya ya sayo mata rufaffen takalmi na fata mai kyau, wai na tafiya Makka, ta sa shi tayi yawon gaishe-gaishen salla kwana uku. Jikarta ce ta ga jini a safa lokacin wanki. Da muka duba ƙaramin yatsan hagu ya tashi ya fashe, nama a buɗe, ita kuma wallahi tace bata ji komai ba.

Abin da likita yace, da sabon tsari

Likitar da ta gan mu bata yi mana faɗa ba, tambayoyi tayi. Da Gwaggo ta faɗi tsoronta na cire suna sai tace mata, "Mama masu suga da yawa suna zuwa Hajji duk shekara, abin da ake dubawa ko ciwon yana kwance ko ya tashi, wanda ya ɓoye shi ne yake jefa kansa a wahala." Ta cire mata glibenclamide, tace yana daɗewa a jiki kuma ga tsoho mai tafiya a rana wanda abincinsa ba shi da tsayayyen lokaci yana iya kada suga ƙasa ba shiri, ta sauya da gliclazide ƙaramin awo, ta bar metformin. Ta sa aka gwada ƙoda da ido. Ta hana ta ƙarasa sauran azumin, tace ta rama in sanyi ya shigo.

Da muka koma da ciwon yatsa ta ɗauko wani siririn zare tana taɓa tafin ƙafar, Gwaggo ido a rufe, wurare da dama bata san an taɓa ba. Nan aka fassara mana maganar auduga, jijiyoyin ƙafar ne suga ya taɓa, irin wannan ƙafar ƙaya zata shige ta ko kwalta mai zafi ta ƙona ta mai ita bai sani ba, kuma in ta ji ciwo bata warkewa da wuri. Aka wanke, aka hana ta tafiya kwana goma sha biyu.

A sati na ƙarshe na Afrilu muka sake farawa, wannan karon da rubutaccen tsari. Bayan sallar asuba, sai ta karya tukuna, minti goma kawai, duk kwana uku a ƙara minti biyar. Kambas mai faɗin gaba, lamba ɗaya sama da nata, guda biyu ana musanyawa don duka su saba da ƙafar, da safar auduga, tunda mace a cikin harami ba a hana ta safa da rufaffen takalmi ba. Kullum da daddare a duba ƙafa da tocila har tsakanin yatsu, a shafa basilin a dunduniya. Dabino uku a ɗaure a gefen zani duk inda zata. Daga farkon Mayu muka ƙara gajeriyar fita da hantsi, minti goma da lema a hannu da gorar ruwa, don riƙe lema da kurɓar ruwa kafin ƙishirwa ta zo su zame mata jiki. Zuwa 20 ga Mayu tana yin minti hamsin ba zama, wayata tana nuna kilomita biyu da rabi zuwa uku. Na zaɓi wannan awon ne saboda Safa da Marwa kaɗai, kai-komo bakwai, wajen kilomita uku ne, ban da ɗawafi.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne koya mata gwada kanta. Gwaggo bata karatun boko amma mai sana'a ce, lamba bata ɓace mata, muka tsaya akan abu biyu: in ta ga ƙasa da huɗu ta ci dabinonta ta zauna ta sake gwadawa bayan kwata, in ta ga sama da sha biyar sau biyu a jere ta nemi asibitin alhazai. Sati biyu tana tsoron tsira yatsanta, daga baya ita take tuna min.

Mayu: bita, allura, jaka

A wajen bita muka samu wata maniyyaciya 'yar unguwarsu, mace mai kimanin shekara arba'in da zata tafi da mijinta. Yaya da kansa ya je ya roƙe su amana, muka kuma roƙi jami'in alhazai na ƙaramar hukuma ya haɗa su jirgi ɗaya da ɗaki ɗaya, ya haɗa. Matar ta riƙa zuwa tafiyar asuba tare da mu, ta koyi injin, ta koyi duba ƙafa.

An yi mata rigakafin sanƙarau, wanda ake so ya kwana goma a jiki kafin a shiga Saudiyya, da na shawara, da ɗigon shan inna. Wajen tantance lafiya ta faɗi ciwonta da bakinta ta nuna takardar likita, babu wanda ya taɓa sunanta.

Mun tambayi malamin bita hukuncin wakilta jifa. Yace wanda ya kasa ya halatta ya wakilta, amma a mazhabar Malikiyya akwai jini akansa, wasu malaman kuma basu ɗora masa komai ba. Gwaggo tace ita akan Malikiyya ta tashi, sai aka ware kuɗin dabba ta biyu daban da hadayar tamattu'i, daga cikin abin da aka tanada na tsaraba. Wannan ya jawo 'yar magana a gida amma ta tsaya akan bakanta.

Magani na kwana sittin muka raba biyu, rabi a ƙaramar jaka ta hannu rabi a babba, kowanne a kwalinsa na asali tare da takardar likita. Na rubuta wani kati da Larabci da Turanci cewa tana da suga ga sunan magungunanta, aka rataya shi tare da katin Nusuk, katin shaidar alhaji na Saudiyya. Sai farar lema, ƙullin gishiri da sukari na asibiti, 'yar kwalbar fesa ruwa, da jakar yadi ta rataya don ta riƙa shiga da takalminta masallaci, kar ta ajiye a ƙofa ya ɓata ta taka kwalta ba takalmi. Goro kuwa mun cire shi daga jakar har sau biyu, haramtacce ne shiga da shi can.

Jirgin farko na Najeriya ya tashi daga Birnin Kebbi ranar 15 ga Mayu. Nasu ya tashi a satin ƙarshe na watan.

Madina da Makka

Daga nan labarin daga bakin Gwaggo ne da na maƙwabciyarta da suka tafi tare, da saƙonnin murya da suke turo min ta WhatsApp. Kwana huɗu suka yi a Madina lafiya lau, suka ɗau harami a Zul Hulaifa. Da suka isa Makka ayarin ya wuce umara kai tsaye, su biyun suka kwanta suka ci abinci sai tsakar dare suka tafi. Tayi ɗawafi da ƙafarta, sa'ayi ta kai zuwa na huɗu gwiwa ta ƙi, aka ƙarasa mata a keke.

Sai kuma zumuɗi ya ɗebe ta, kuma wa zai ga laifin wanda ya ga Ka'aba da idonsa bayan shekara sittin yana fuskantarta. Kwana huɗu tana bin bas zuwa harami kusan kowace salla, gwiwar ta kumbura. Likitan asibitin alhazan Najeriya yace ta zaɓa, ko waɗannan kwanakin ko Arfa. Ta koma zuwa harami da daddare duk bayan kwana biyu, sauran salloli a masallacin kusa da masauki, kwana biyar na ƙarshe kuma bata je ko'ina ba sai 'yar tafiyar asuba a layinsu.

14 zuwa 19 ga Yuni

Juma'a 14 ga wata suka fita Mina, Asabar 15 aka yi tsayuwar Arfa. Bata fita daga tanti ba sai zuwa bayi, bata nemi dutsen Rahama ba duk da mata da yawa sun tafi. Motar Muzdalifa ta makara, abincin dare bai samu akan lokaci ba, tana zaune ta ji hannunta yana rawa, ita da kanta ta ciro injin, 3.8, ta ci dabinonta kafin ma ta taɓa maƙwabciyar.

Safiyar Lahadi hanya ta cushe, mota ta tsaya cak, aka ce kowa ya sauka. Tafiyar da ba ta cikin lissafin kowa, sama da awa ɗaya daga inda suka sauka zuwa tantinsu a Mina, rana tana ɗagawa. Ta yi ta da kambas ɗinta da lemarta, ta zauna sau uku. Da daddare aka duba ƙafar, ba ƙuna ba tashi.

Baffa ne ya karɓi duwatsunta ya tafi Jamratul Aƙaba da tsakar rana, babu lema, wai shi manomi ne rana ba baƙuwarsa bace. Yayi nashi yayi nata, a hanyar dawowa jiri ya kwashe shi, aka kai shi asibitin Mina aka sa masa ruwa, sai dare aka sallame shi. A wannan Lahadin kaɗai hukumar lafiyar Saudiyya ta ƙirga sama da mutum 2,700 da zafi ya galabaitar. Litinin 17 ga wata ma'auni ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami, aka hana zuwa jifa daga ƙarfe 11 na safe zuwa 4 na yamma. Sauran jifan mijin maƙwabciyar ne yayi musu su biyu, Gwaggo da Baffa. Daga baya ministan lafiyar Saudiyya ya sanar da rasuwar mutum 1,301, kashi 83 cikin ɗari marasa izinin Hajji ne waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana babu tanti babu mota. Allah ya jiƙansu ya karɓi aikinsu.

Ɗawafin ifada ta jinkirta shi 'yan kwanaki har cunkoso ya ragu, tayi shi da dare a keke a hawa na sama, cikin watan Zulhijja.

Dawowa

Ta dawo a watan Yuli da tari wanda ya ɗauki sati biyu, da farce ɗaya da yayi baƙi ya faɗi daga baya, da gwiwa mai ciwo fiye da da. Ƙafa babu miki. Sugan safe tsakanin bakwai da takwas. Tsarabarta bata kai rabin abin da aka lissafa ba.

Yadda na ga lamarin

A ganina tsarin farko dama can yana da rami, ko da kujerar Yaya bata faɗi ba. Ɗakin mata daban ne, tantin mata daban ne a Mina da Arfa, daren da suganta ya sauka da ba ya gefenta, kuma ba shi zai buɗe mata yatsu da tocila a cikin mata ba. Mun jingina komai akan ƙarfin namiji alhali yawancin awannin tafiyar a cikin mata zata yi su. Maƙwabciyar nan ita ce ta tsaya a gurbin da muka zata na Yaya ne, kuma ta iya ne saboda sati huɗun da tayi tana bin mu da asuba, ba don alƙawarin baki kawai ba.

Jiƙon nan tsoro ne ya haife shi, kuma tsoron ya samu wurin zama saboda wata uku muna maganar kuɗi babu wanda ya kai ta gaban likita ta ji gaskiya. Faɗuwar da tayi a bakin shago niyyar tafiyar daidai ce, lokacin da maganin ne ba daidai ba, da na fara da asibiti kafin titi da ba a yi ta ba. Ciwon yatsan kuma ya ci mana kwana goma sha biyu a lokacin da bamu da su, amma shi ya nuna mana ƙafar bata ji, a gida inda akwai mai gani, ba a kwaltar Mina ba.

Bana cewa minti hamsin na asuba su suka tsare ta, tsari na Allah ne, kuma ta samu abin da waɗanda suka rasu da yawa basu samu ba, tanti da mota da likita a kusa. Gwiwar ma bamu yi mata komai ba, ya kamata a ce likitan ƙashi ya gan ta tun Janairu.

Inda har yau yake damuna Baffa ne. Yana zaune a tsakar gidan nan duk lokacin da muke auna mintuna da ƙirga safa, mun san yana da hawan jini, mun san shi za a miƙa wa duwatsu, babu wanda ya sayo masa lema ko ya tambaye shi wane magani yake sha da yadda zai yi da shi a zafi. Kujerar 2025 ta haura miliyan 8, Yaya bai samu zuwa ba, kuɗinsa da aka mayar ya biya bashi sauran ya koma sito. Gwaggo tace ranar da zai sake biya, ita zata raka shi asibiti kafin ya je banki.